Shawara ga masu ɗora waƙoƙin haɗin gwiwa

Salamu alaikum 'yan uwa masu situdiyo a nan Katsina, don Allah a kula da wannan. In mutum biyu suka yi waƙa tare za ku tura ta Spotify ko ku shigar da ita MusicBrainz, wato rumbun bayanan waƙoƙi na intanet, kar ku cusa sunayen biyu a gurbi ɗaya, na'ura sai ta ɗauka wani sabon mawaƙi ne daban, ta buɗe mashi shafi, shi kenan waƙar ba za ta fito a shafin ko ɗaya daga cikinsu ba. Wallahi haka ta faru da wani ƙanena a Ƙofar Ƙaura, ya sha wahala kafin a gyara. Kowa a sa sunanshi daban, mai waƙa a farko, baƙo a gurbin feat, wato gurbin wanda aka gayyata cikin waƙar.

Rimis kuwa, wato in aka sake wa waƙar wani kiɗa, waƙar tana nan ta mai ita, kai da ka sake kiɗan gurbinka daban ne, kuma sai an ba rimis ɗin sabuwar lambar ISRC, wato lambar shaidar kowace waƙa da aka ɗauka, mai haruffa da lambobi 12 ɗin nan, kar a maimaita ta asalin.

Ku kuma 'yan DJ masu gwama waƙa biyu wuri guda, ku rubuta sunan kowace da mai ita, ku nemi izininsu tukuna kafin ku saki.