Yadda na gyara yankewar kira a Wi-Fi ɗin shagonmu

Sati biyu kiran WhatsApp da Alhaji daga Kano yana yankewa a shagonmu na Agege, musamman da yamma in yaran shago suna ɗora bidiyo a TikTok. Na zargi kamfanin intanet, na sauya wa na'urar Wi-Fi ɗin wuri, duk a banza.

Ashe layin tura bayanai zuwa intanet ne ke cushewa. Na shiga shafin saitin na'urar a 192.168.0.1, na kunna WMM (saitin da ke ba murya da bidiyo fifiko a Wi-Fi), sannan QoS (saitin da ke tsara wanda zai fara wucewa a layin intanet). Gwajin gudu ya nuna megabit 20 saukewa, 5 turawa, sai na rubuta 17 da 4 a QoS a matsayin iyakar gudu. Rage ɗin nan shi ne sirrin, don cunkoson ya tsaya a na'urarmu inda take iya tsara shi. Na ba wayata fifiko mafi girma ta lambar MAC (lambar da na'urar ke gane wayar da ita), na adana, na sake kunna na'urar.

Jiya minti 40 muna lissafin kaya, murya tar. Alhamdulillahi.