Teburin katako na yin dashe a garka

Jama'a, masu garka a Yamai, ga shawara. In za ku haɗa teburin cika ledojin dashe, ku leƙa kasuwar Katako ku nemi tsofaffin katakai, sun fi araha kuma sun riga sun bushe, ba sa lanƙwashewa.

Tsayinsa ya kai ƙugu, kamar santimita 85, don baya ya huta. Ku ce wa kafinta ya bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin katakan sama, ruwa da ƙasa su riƙa zubewa.

Babbar matsala dai gara ce. A shafa wa ƙafafun baƙin man mota, a ɗora kowace kan bulo, kada ta taɓa ƙasa. Ni fenti bai dame ni ba, amma a sa teburin a inuwar dogon yaro, rana na tsaga katako.