Yadda Ake Adana Tarihin Matashin Sojan da Ya Rasu a Fagen Daga

Sojan da ya rasu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai bai bar takardu masu yawa ba. Akasarin abin da ya bari yana cikin wayarsa ne da kuma kawunan abokan aikinsa, kuma waɗannan biyun su ne suka fi saurin salwanta. Saboda haka a jera aikin bisa abin da zai riga ɓacewa. Taron tunawa da allon suna za su iya jiran shekara guda, amma saƙon muryarsa ba zai jira ba.

A fara da waya. Idan ta dawo cikin kayansa a kulle, kada kowa ya yi ta gwada lambar sirri da ka. Wayoyi da dama suna ƙara tsawon lokacin kullewa bayan kowane kuskure, iPhone kuma tana iya goge komai bayan kuskure na 10 idan mai ita ya saita ta haka. A yi mata caji zuwa kusan rabi, a kashe, a ajiye har a samu wanda ya san lambar. Layin ma a ci gaba da raya shi, domin kamfanonin waya suna bai wa wani lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba, daga nan saƙonnin shiga asusunsa sai su koma hannun baƙo. WhatsApp kan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a hau intanet da shi ba, Google kuma tana iya rufe wanda ya shekara 2 ba a taɓa ba. Hanya mafi sauƙi ba ta ma buƙatar wayarsa: a roƙi duk wanda yake da saƙon murya, hoto ko bidiyonsa ya turo wa mutum ɗaya da iyali suka zaɓa. A ce su turo hoto a matsayin fayil, don idan aka turo shi yadda aka saba, manhajar tana matse shi, ya rage kyau, ba zai bugu da girma ba. Shafinsa na Facebook ana iya neman a mayar da shi na tunawa, ta yadda ba wanda zai ƙara shiga ciki, amma kafin nan a kwashe abin da ake so.

Duk abin da aka tara a yi masa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma ya zauna a wani gida dabam. Sunan kowane fayil ya fara da shekara da wata da rana, sannan wanda ya turo.

Sai abokan aiki, kuma nan ne aikin ya fi nauyi, ya kuma fi riba. Ana sauya wa sojoji wurin aiki, lambobinsu suna canzawa, wasu ma su bi shi. A nemi uku zuwa biyar cikin watannin farko: wanda suka yi horo tare, wanda suka kwana ɗaki ko tanti ɗaya, da shugabansa na kusa, wato kofur ko saje, don sau da yawa sun fi babban hafsa saninsa. A zauna da su ɗaya bayan ɗaya. In aka haɗa su wuri guda, mai babban muƙami ne zai yi magana, sauran su gyaɗa kai, labarai biyar su koma ɗaya. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa. A nemi izini kafin a kunna na'urar ɗaukar murya, a fara da faɗin suna da kwanan wata.

Tambayar da ake yi ita ke yanke abin da za a samu. Wanda aka tambaya ko marigayin mutumin kirki ne zai ce ƙwarai, jarumi ne, shi ke nan magana ta ƙare. A tambaye shi da wane suna suke kiransa a bariki, me ke ba shi dariya, wane aiki ya ƙi jini, wa yake yawan kira idan an samu sabis, me ya ce zai yi idan ya samu hutu. Waɗannan ne ɗansa zai so ji nan da shekara ashirin. Labarin ranar da ya rasu kuwa a bar shi ƙarshe, kuma kada a matsa wa wanda ba ya son faɗa, shi ma yana ɗauke da nasa ciwon. A ajiye wannan sashe a fayil dabam, don uwa ko matar marigayin ta zaɓi lokacin da za ta saurara, ko ta ƙi saurara gaba ɗaya. Idan mutum biyu suka saɓa a bayaninsu, a rubuta kowanne da sunan mai shi, kada a gauraya su a fitar da labari na uku. Wanda ke cikin harbi ba ya ganin komai duka.

Abu biyu ba a saka su a intanet: hoton gawa, da hoton da ke nuna sansani ko fuskokin waɗanda har yanzu suke bakin daga.

Daga rundunarsa a nemi takardar sanar da rasuwa, da bayanin aikinsa: cikakken suna yadda yake a rajista, lambar soja, muƙami, bataliya, ranar shiga aiki, wuraren da ya yi aiki, da lambobin yabo. Magajin da ya rubuta a takardunsa shi ya kamata ya nema, a rubuce, ya riƙe kwafin wasiƙar. Idan ba a samu gawa ba, Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta ɗora wa masu yaƙi nauyin rubuta bayanan mamatan da suka faɗa hannunsu, kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa (ICRC) tana karɓar buƙatar iyalai masu neman nasu.

Kayan hannu kuwa kyakkyawar niyya ce ta fi ɓata su. Kada a yi wa takarda laminatin: zafi da gam suna shiga jikinta, kuma ba a cire ledar sai takardar ta yage. Salatif yana barin tabo rawaya, fil ɗin sitefula yana tsatsa, robar ɗaure takardu tana narkewa ta manne. A yi sikanin takardu a kan 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto da ake saitawa a na'urar sikan), hotuna a kan 600 dpi, a rataye kwafin a bango, asalin ya shiga kwali cikin farar takarda marar asid, nesa da rana da danshi, kuma ba a ƙasa ba saboda gara. A rubuta sunaye a bayan hoto da fensir mai taushi, biro yana huda ta gaba. Lambar yabo ba a goge ta da man goge ƙarfe, yana cinye zanen, ƙyalle mai laushi busasshe ya wadatar, kuma ƙyallen da take rataye a jiki yana koɗewa idan hasken rana na dukansa. Kaki da tuta a tabbatar sun bushe sarai, a naɗe su cikin farin yadin auduga maimakon leda, wadda ke riƙe laima, a riƙa sauya ninkin sau ɗaya ko biyu a shekara don kada zaren ya karye a kan layi.

Idan iyali suna son allon suna, a kabari ko a wani wuri gwargwadon abin da addininsu ya yarda da shi, a taƙaita. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, ta yi wa janar da farabiti dutse iri ɗaya, ta ƙayyade wa iyali harafi 66 na kalmominsu. Bangon tunawa da yaƙin Biyetnam da aka buɗe a Washinton a 1982 yana ɗauke da sunaye sama da 58,000 ba tare da muƙamin kowa ba. Suna, lamba, runduna, ranar haihuwa da ta rasuwa, da layi ɗaya sun isa. Kafin a sassaƙa, a buga rubutun a takarda daidai girmansa, mutum biyu su gwada shi da takardun hukuma harafi bayan harafi, don kuskuren da ya hau dutse ba ya gyaruwa. Dutsen giranit ya fi mabul jure ruwan sama, tagulla kuma ɓarayi na sonta.

Ranar taro iyali za su zaɓa, ko ranar rasuwarsa ko ranar tunawa ta ƙasa, kamar 11 ga Nuwamba a Ingila da Faransa, 15 ga Janairu a Najeriya, ko Litinin ɗin ƙarshe ta Mayu a Amurka. Kada ya wuce minti 40. Masu magana uku, minti biyar-biyar: ɗan uwa, abokin ƙuruciya, abokin aiki. Shiru na minti ɗaya ko biyu a ba wani agogo ya auna, in ba haka ba mai gabatarwa zai katse shi tun bai kai rabi ba. Duk saƙon muryar da za a kunna a fara sanar da mahaifiyarsa da matarsa, kada su ji muryar kwatsam cikin jama'a. Mai neman dandalin siyasa a ba shi kujera, a hana shi makirufo.

Masu son abin da zai ɗore da sunansa, kamar tallafin karatu ko dashen itatuwa, su yi lissafi kafin sanarwa. Irin wannan alkawari yakan mutu a shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da zafin rashin ya lafa, masu ba da gudummawa suka ja baya. Gara a ɗauki ɗalibi ɗaya, a tara kuɗin shekarunsa duka tun farko, a asusun da sai mutum biyu sun sa hannu ake cirewa, a rubuta sharuɗɗan zaɓe a shafi guda. Itace kuma a san da suna wanda zai riƙa ba shi ruwa da kare shi daga dabbobi cikin shekara biyun farko.