Kurakuran da na gaji da gani wurin masu koyon likitancin farfaɗo da gaɓoɓi

Ƙannena da ke cikin shekara 4 ɗin nan na karatun ƙwarewa a fannin farfaɗo da gaɓoɓi, wanda takardunmu na Faransanci ke kira MPR, ga magana. Duk wanda ya zo koyon aiki hannuna nan Damagaram sai na ga ya taka sawun wanda ya gabace shi, kuskure iri ɗaya kamar gadonsa aka raba muku. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Na farkon, ni na fara yin sa, kuma da ran mutum na biya.

Saurayi ne ɗan kabu-kabu, mota ta kwashe shi a hanyar Mirya, ƙashin baya ya karye, daga cibiya zuwa ƙasa ba ya ji ba ya motsi. Ranar sallama ina sauri, na dubi mahaifiyarsa na ce, "Inna, a riƙa juya shi." Ta ce, "To, lokotoro, Allah ya saka." Bayan sati 6 aka dawo da shi a amalanke. Wari ya riga shi shiga ɗaki. Da muka ɗaga zane, ga rami a ƙugunsa wanda dunƙulen hannuna zai shige, ƙashi fari yana leƙowa. A kan leda suka kwantar da shi saboda fitsari, ledar a kan tabarma, tabarmar a kan siminti, cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Na fara faɗa, sai tsohuwar ta ce, "Wallahi ɗana ina juya shi, safe da yamma ban taɓa fashi ba." Gaskiyarta. Abin da na faɗa shi ta yi. Ban ce sau nawa ba, ban nuna mata yadda ake yi ba. Ƙwayar cuta ta shiga jininsa, bai kai damina ba.

Tun daga ranar ba na sa hannu a takardar sallamar mai ciwon laka sai mai jinyarsa ya juya shi sau 3 a gabana, da hannunsa, ina tsaye. Kowane awa 2 ake juyi, dare da rana. Da rana nakan ɗaura abin da lokutan salla, in ƙara ɗaya ko biyu a tsakani. Da dare kuwa in karɓi wayarsu in saita ƙararrawa da kaina. Sai in ɗora yatsan mai jinyar a wuraren da gyambon kwanciya ke farawa: ƙugu, gefen kwatangwalo, duga-dugai, idon sawu. Littattafanku sun ce a nemi wurin da ya yi ja. Wane ja a fatarmu? Ku taɓa. Wurin zai fi kewayensa zafi ko tauri, ya yi duhu yana sheƙi. In kun ji haka kada a murza, a ɗauke masa nauyi kawai. Kuma ku daina yi wa mai babbar riga da ke jin Faransanci bayani a bakin gado, shi gobe ya koma Yamai. Ku tambaya wa ke wanke mara lafiyar. Sau da yawa tana can bakin ƙofa zaune a kan tabarma, ba wanda ya kira ta.

Ga ɗan'uwan wannan kuskure, shi kuma cikin mintoci yake kisa. Wanda lakarsa ta ji ciwo daga T6, wato gaɓa ta 6 ta ƙashin baya a sashen ƙirji, zuwa sama, ya ce kansa na sarawa, fuska ta jiƙe da gumi, jini ya hau, sai in ga an ba shi parasitamol an ce zafin gari ne. Haba! A zaunar da shi bayansa a miƙe, a sassauta duk abin da ya matse shi, a duba robar fitsari, don galibi ita ce ta toshe ko ta lanƙwashe. In ba ita ba ce, a duba ko bayan gida ne ya taru.

Sai kafaɗar mai shanyewar ɓarin jiki. Wannan kam yana ƙona mini rai, don da idona na ga likita, ba ɗan rakiya ba, ya kama shanyayyen hannun wani dattijo ya finciko shi daga kwance kamar mai jan guga a rijiya. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, abin da ya rage ɗan jijiya ne da fata. Ka ja sau biyu sau uku, sai ka sa yatsa ka ji gurbi a saman kafaɗar, sai ciwon da zai hana shi barci wata da watanni, ya ƙi gashin gaba ɗaya. A tallafe shi ta bayan allon kafaɗa, a ɗora hannun a kan matashi in yana zaune. Igiyar nan mai ƙarfen juyi da ake ratayawa a sama, ni na cire ta daga ɗakin gashina. Wasu abokan aiki suna amfani da ita, su suka sani.

Rubuta "kine, zama 20", wato a yi wa mara lafiya gashi sau 20, ba tare da faɗin abin da ake nema ba, lalaci ne. Ku auna ƙarfin nama daga 0 zuwa 5, ku cika ma'aunin Barthel, mai nuna abin da mara lafiya ke iya yi wa kansa, daga 0 zuwa 100 a ranar farko, in ba haka ba da me za ku gane an ci gaba?

Wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa, kada a sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwar, za ta ƙage a lanƙwashe, ƙafar roba ta gagara.

Jaririn da aka gyara wa karkatacciyar ƙafa ta hanyar Ponseti, cire filasta ba ƙarshen aiki ba ne: takalmin ƙarfe awa 23 a rana tsawon wata 3, sannan da dare har wajen shekara 4.

Yaron da ƙafarsa ta saki bayan zazzaɓi, kuna jin an yi masa allura a ɗuwawu sai ku ce jijiya allurar ta taɓa, ku rufe takarda. Mai yiwuwa ne, mun ga irinsa da yawa bayan allurar kinin. Amma duk yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, sai an kai rahotonsa, a ɗebi bayan gidansa don gwajin shan inna sau 2, awa 24 tsakani, cikin kwana 14 da sakin gaɓar. Sanarwar da aka yi a 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ba ta ɗauke muku wannan ba.

Kada ku zagi mai ɗori a gaban iyalin mara lafiya. Gobe can za su koma, sai dai su ɓoye muku.

Keken guragu kuma, kafin ku rubuta shi ku tambayi inda mutum yake zaune. Keken asibiti mai ƙananan tayoyin gaba ba ya taku 10 a yashin lungunan Birni, ga dokin ƙofa a kowane zaure. Nawa ne na tarar an mayar da su wurin shanya kaya? Ni tambayoyina 4 ne kafin in tsara komai: a ina kake kwana, masan gidan na tsuguno ne, wa ke riƙe maka buta, yaya kake salla yanzu? Wani malami daga Garin Malam na yi sati ina koya masa hawan bene, sai ran nan ya ce, "Lokotoro, gidana ba bene. Ni dai in iya sauka ƙasa in yi sujada in tashi." Washegari na sa aka shigo da darduma ɗakin gashi.