Yadda ake gano buɗewar ƙarshen hanji da matakan yi mata tiyata

Ƙarshen babban hanji, wato sashen da ke saman dubura, yakan buɗe fiye da ƙima idan bayan gida ya daɗe yana taruwa a cikinsa, har mutum ya daina jin matsuwa. Alamar da ta fi ruɗar iyaye ita ce ɓata wando, domin ruwan kashi ne ke tsiyayowa ta gefen dunƙulen da ya ƙame, sai a zaci gudawa ce ko basir, wani lokaci ma a doki yaro bisa laifin da ba nasa ba.

Da farko a shaida wa likita tun yaushe matsalar ta fara, musamman ko jariri ya yi baƙin kashinsa na farko cikin awa 48 da haihuwa. Jinkirinsa yana sa a yi zargin cutar Hirschsprung, wato rashin ƙwayoyin jijiya a bangon ƙarshen hanji, wadda ake haifar kimanin jariri 1 cikin 5,000 da ita, kuma ta fi kama maza. Likita zai taɓa ciki, ya duba dubura da yatsa, sannan a ɗura ruwan bariyom, wanda ke sa hanji ya fito sarai a hoton asibiti, a ɗauki hoto don auna faɗin hanjin.

Gwajin da ke yanke hukunci shi ne gutsuro ɗan nama daga bangon hanjin a duba ƙwayoyin jijiya, kuma a ganina bai kamata iyaye su amince da babbar tiyata ba kafin a yi shi. Idan babu ƙwayoyin, Hirschsprung ce, sai a yanke sashen da ba ya motsi a jawo lafiyayyen hanji a haɗa da dubura, ta hanyar Swenson ta 1948, ko ta Duhamel, ko ta Soave, wato dabarun tiyata masu sunayen likitocin da suka ƙirƙiro su. Yaron da ya galabaita akan fara fitar masa da hanji ta jikin ciki na wucin gadi.

Idan kuwa ƙwayoyin suna nan, a fara kwashe abin da ya ƙame, a lazimci maganin sassauta ciki na watanni, tare da zama kan masai bayan cin abinci. Sai wannan ya gaza ake yanke sashen da ya buɗe ko a rage faɗinsa.

Kafin tiyata ko bayanta, zazzaɓi da kumburin ciki da gudawa mai tsananin wari alamar kumburin hanji ce mai kisa, don haka a kai yaron asibiti a ranar.