Neman gwaji da maganin ADHD a Ingila: abin da babba sabon zuwa ya kamata ya sani

Akwai mutanen da suka taso ana yi musu kirari da shiririta, mantuwa da rashin natsuwa, sai bayan sun zo Ingila karatu ko aiki, inda jinkirin minti goma kan jawo magana, suka fara jin sunan ADHD, wato matsalar kasa tattara hankali wuri ɗaya da yawan gaggawa. Ƙofar farko ita ce likitan unguwa, wanda ake kira GP. Rajista da shi kyauta ce, kuma a Ingila ba a wajabta nuna takardar zama ko shaidar adireshi ba.

Sai dai GP ba shi ne ke tabbatar da matsalar ba. Bisa ƙa'idar 2018 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, aikin ƙwararre ne, shi kuwa GP sauraro zai yi, sau da yawa ya ba ka takardar tambayoyi ka cike, sannan ya tura ka. Layin jira a NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, yana da tsawo, a wasu yankuna har shekaru, don haka ka tambaye shi tsarin da ake kira Right to Choose, wanda ke ba ka damar zaɓen wata cibiya mai kwangila da NHS ba tare da ka biya ba. Wannan tsari na Ingila ne kawai, bai shafi Sukotlan da Wales ba.

Ƙwararren zai nemi shaidar cewa alamomin sun fara kafin ka kai shekara 12, kuma a nan ne mutanenmu kan tsaya, domin takardun sakamakon firamare sun daɗe da ɓacewa a wani akwati a gida. Ka sa a nemo su tun da wuri, ko ka shirya mahaifiya ko yayanka su ba da bayanin ƙuruciyarka, ko da ta waya ne.

Abin da na fi so a riƙe shi ne batun rubuta magani. Ƙwararre ne ke fara ba da shi, galibi lisdexamfetamine ko methylphenidate, ya daidaita adadin a cikin makonni yana duba hawan jini, bugun zuciya da nauyi, sannan ya nemi GP ya ci gaba da rubutawa ƙarƙashin yarjejeniyar kulawa ta haɗin gwiwa, wadda suke kira shared care. GP yana da ikon ƙin karɓa, musamman idan a asibiti mai zaman kansa aka yi gwajin. Wanda ya gaji da jira ya biya kuɗi mai yawa aka gwada shi, yana iya tarar da cewa kowane wata shi zai sayi maganin da cikakken farashinsa, ya kuma biya kuɗin ganin likita. Saboda haka, kafin ka fitar da ko kwabo, ka sami amsar GP ɗinka a rubuce. Idan ya karɓa, fam 9.90 za ka biya kan kowane magani.

Waɗannan magunguna biyu doka ta sa musu ido sosai: takardar da likita ya rubuta su a ciki tana aiki kwana 28 ne kawai, ba a cika ba da fiye da na kwana 30 ba, kuma bai wa wani naka laifi ne. Wanda ya riga ya fara sha kafin tahowa ya zo da wasiƙar likitansa, kada kuma guzurin ya wuce na wata uku. Tunda da safe ake shan yawancinsu, kuma suna rage sha'awar abinci da barci, mai azumi ya tattauna da likita tun cikin Sha'aban kan lokacin da zai riƙa sha.