Yadda Ake Zaɓen Sabar Kiɗa Mai Daraja Don Kayan Sautin Gida

Sabar kiɗa kwamfuta ce da aka sa wa rigar kayan sauti. Tana adana waƙoƙinka, tana jera su yadda za ka lalubo su a waya, sannan tana miƙa su ga na'urar DAC, wadda ke mayar da lambobin dijital su zama sautin da amfilifaya za ta ƙara wa ƙarfi. Da yake aikinta miƙawa ne, ba daga ita ake fara zaɓe ba. Daga DAC ɗin da za ta ciyar ake farawa, da irin waƙoƙin da ka tara, da manhajar da yatsanka zai riƙa taɓawa kullum.

Mataki na farko: leƙa bayan DAC ɗinka

Juya na'urar ka rubuta duk ƙofofin shigar da take da su. Wannan takardar ce za ta kore rabin sabobin da ke kasuwa kafin ka ɓata lokaci a kansu.

Idan ta USB za ka haɗa, kusan duk DAC na zamani shi ne ke riƙe da ragamar lokaci: yana jan bayanai daga saba gwargwadon buƙatarsa, ya jera su da agogon cikinsa. Agogo mai tsadar da aka yi ta tallata maka a cikin sabar ba shi ke tsara fitar sautin ba a nan. Abin lura a USB shi ne hayaniyar lantarki da ke iya bin waya daga saba zuwa DAC. Saboda haka ka tambaya ko ƙofar tana da wutarta daban, ko kuma DAC ɗin yana da shingen da ya raba lantarkinsa da na abin da aka jona masa. Wayar kuma kada ta wuce mita 5, mita ɗaya ko biyu sun wadatar.

Lamarin ya sha bamban a S/PDIF da AES/EBU, wasu ƙofofi biyu na aika sautin dijital. A waɗannan, saba ce ke aiko da lokacin a cakuɗe da bayanan, DAC kuma ya tsamo shi. Idan agogon sabar yana ɗan gocewa, gocewar na iya isa ga sauti, sai dai in DAC ɗin ya ƙware wajen sake daidaita ta. Kuɗin agogo mai kyau a nan yake halatta. Wayar ma ba a yi mata ganganci: S/PDIF na son mai ohm 75, AES/EBU mai ohm 110. Kan wayar makirufo da na AES/EBU iri ɗaya ne, shi ya sa mutane ke musanya su, daga baya su yi ta mamakin tsinkewar sauti idan wayar ta yi tsawo. Dukansu biyu a 24-bit/192kHz suke tsayawa. Toslink, mai aiki da haske, yana raba lantarkin na'urorin biyu gaba ɗaya, amma da yawansa ba ya zama lafiya sama da 96kHz.

Sai I2S, wanda ake fitarwa ta rami mai kama da na HDMI. A nan ake yawan shan ƙasa. Kamfanoni ba su haɗu kan tsari ɗaya na jera wayoyin ciki ba, don haka saba da DAC na iya shiga juna daram, amma ka ji shiru, ko hagu ya koma dama, ko ƙara mai tsaga kunne. Kada ka saya don I2S sai ka ga sunan DAC ɗinka a jerin waɗanda mai sabar ya tabbatar.

Idan kuwa DAC ɗinka yana da ƙofar Ethernet, wato yana karɓar kiɗa ta hanyar sadarwar gida da kansa, sabar ba ta ma buƙatar zama a ɗakin sauraro. Ajiye ta kusa da rauta, ka mayar da kuɗin ado da agogo zuwa wani wurin.

Mataki na biyu: kwali ɗaya ko biyu

Akwai saba zalla, akwai mai DAC a ciki. Mai haɗe tana rage wayoyi da ciwon kai, kuma kamfanoni irin su Linn na Sikotland da Naim na Ingila da Lumin na Hong Kong sun daɗe suna ƙera na'urorin da ke karɓar kiɗa su fitar da sauti a kwali guda. Aibinta shi ne ɓangaren kwamfuta yana tsufa da wuri fiye da ɓangaren sauti. DAC mai kyau zai yi shekara goma sha biyar yana aiki, manhaja kuwa tana iya zama tsohon yayi tun kafin rabin wannan. Wanda ya riga ya mallaki DAC da yake so, saba zalla ta fi masa, irin na Aurender na Koriya ta Kudu, Innuos na Fotugal, Melco na Japan ko Antipodes na New Zealand.

Mataki na uku: ƙidaya waƙoƙinka

Sautin CD 16-bit ne a 44.1kHz, wato kilobit 1,411 a daƙiƙa. Awa ɗaya ta kai kusan megabait 635 idan ba a matse ba. Tsarin fayil na FLAC yana matse ta zuwa wajen 350 ko 400 ba tare da zubar da komai ba, don haka faifai 1,000 ba za su cika rabin terabait ba. Fayilolin 24-bit/192kHz kuwa suna cin gigabait 4 da ɗoriya a awa kafin matsewa. A DSD, wani tsarin adana sauti na daban, DSD64 na cin kusan gigabait biyu da rabi, DSD256 kuma wajen goma. Lissafa abin da kake da shi yau, ka ninka sau biyu, shi ne girman ma'ajiyar da za ka nema.

SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai a ciki, ya fi dacewa da ɗakin sauraro domin ba ya juyi, ba ya ƙara. Faifai mai juyawa ya fi araha a manyan ma'ajiyai, amma idan dare ya tsala za ka ji gunjinsa a tsakanin waƙa da waƙa. Tambayar da ta fi muhimmanci: za ka iya buɗewa ka sa naka SSD, ko sai na kamfani kawai? Wasu sabobin suna da aljihu a baya da kake zura shi da hannunka. Ga mai dubban albam, gara na'urar NAS, wato kwalin ajiyar fayiloli da ake jonawa da rauta, a wani ɗaki, sabar ta riƙa ɗebowa ta waya.

Mai tarin faifan CD ya duba saba mai na'urar kwafa a jiki, kamar yadda wasu na Innuos ke zuwa. In babu, kwamfuta da dBpoweramp ko Exact Audio Copy za su yi aikin, kuma suna gwada kwafinka da rumbun AccurateRip don tabbatar da cewa ko ɗigo bai ɓace ba.

Mataki na huɗu: manhaja

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Kwalin za ka ajiye a kanta ka manta da shi, manhajar ce abokiyar zamanka. Saba mai sauti kamar a gaban mawaƙi, idan manhajarta tana daskarewa ko tana ɗaukar daƙiƙa goma kafin ta nemo waƙa, cikin wata uku za ka koma sauraro a waya.

Hanyoyi uku ake bi. Ta farko manhajar kamfanin da kansa, kamar Conductor ta Aurender ko Sense ta Innuos. An ɗinka ta daidai jikin na'urar, ba a biyan kuɗin wata, amma rayuwarta a hannun kamfanin take. Duba tarihin sabunta ta a rumbun manhajojin wayarka. Idan an shekara biyu ba a taɓa ta ba, alama ce. Duba kuma ko tana aiki daidai a Android da iPhone, domin sau da yawa ɗaya ake fifitawa.

Ta biyu Roon, wadda ta fito a 2015, kamfanin Harman kuma ya saye ta a 2023. Babu kamarta wajen haɗa fayilolinka da na Tidal da Qobuz, kamfanonin sauraron kiɗa ta intanet, su zama ɗakin karatu ɗaya, da bayanan mawaƙa da makaɗa da waɗanda suka tsara sautin. Ana biyan kuɗinta, kuma tana da ci: tana son kwamfuta mai ƙarfi da SSD don rumbun bayananta. Ka bambance kalmomi biyu da masu talla ke cakuɗawa. Na'urar da aka rubuta wa Roon Ready karɓar kiɗa kawai take yi daga Roon. Wadda ke ɗauke da Roon Server ita ce ƙwaƙwalwar. Mutum na iya sayen ta farko ya kai gida, sai ya tarar har yanzu yana buƙatar wata kwamfutar.

Ta uku UPnP, tsohuwar hanya da kusan kowace na'ura ke ji. Kyauta ce, amma ba kowane haɗi ne ke iya wucewa daga waƙa zuwa waƙa ba tare da ɗan shiru ba. Gwada wannan da kanka: sa albam ɗin da aka ɗauka a dandali, inda tafi ke ratsawa daga waƙa zuwa ta gaba. Idan tafin ya yanke, ka san abin da za ka zauna da shi.

Game da sauraro kai tsaye daga intanet, Qobuz da Tidal duka suna ba da FLAC har 24-bit/192kHz. Tidal ta ajiye MQA, wani tsarin matse sauti, a 2024, saboda haka tambarin MQA a jikin kwali ba dalilin ƙarin kuɗi ba ne yanzu. Tabbatar kuma kamfanin da kake so yana aiki a ƙasar da kake. AirPlay, hanyar Apple ta tura kiɗa daga waya, yana da daɗin amfani ga baƙo, amma ba ta nan za ka samu fayil mai girman 192kHz yadda yake ba.

Wani abu da babu sabar da za ta gyara maka: bayanan da ke maƙale da fayiloli. Idan an rubuta sunan mawaƙi iri uku, manhaja za ta nuna maka mutum uku. Gyara su da MusicBrainz Picard kafin ka kwashe su zuwa sabuwar na'ura.

Mataki na biyar: wuta, zafi da ƙara

Nemi marar fanka, wadda jikinta na alminiyom ke fitar da zafi, ka bar mata sarari a sama da gefe. Yawancin masu tsada suna zuwa da taransifoma mai nauyi a maimakon ƙaramar cajar nan mai sauƙi, don rage hayaniyar da ke komawa cikin layin wuta. Amfanin wannan ya danganta da DAC ɗinka: mai kyakkyawan shinge ba zai nuna bambanci sosai ba, marar shi zai nuna.

Ƙugin da ke fitowa a lasifika bayan an jona saba galibi ba lalacewa ba ce. Na'urori biyu ne suka sami hanyar zuwa ƙasa fiye da ɗaya, wuta ta kama zagaye. Jona su duka a soket ɗaya. Idan wayar Ethernet ɗinka mai kan ƙarfe ce, canza ta da Cat6 ta yau da kullum mai kan roba, domin rigar ƙarfen tana iya haɗa ƙasan rauta da na saba. Kada ka taɓa cire ƙafar ƙasa ta filogi don kashe ƙugi, ita ce ke tsare ranka.

Ɗaukewar wuta ana cikin rubutu tana iya lalata rumbun bayanai. Wasu sabobin suna da ɗan abin riƙe wuta a ciki da ke ba su damar kashe kansu a tsanake. Wadda ba ta da shi, a haɗa ta da UPS, batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke.

Mataki na shida: hanyar sadarwa

Ja wayar Ethernet daga rauta zuwa saba. Fayil mafi nauyi na 24-bit/192kHz megabit 9.2 kawai yake buƙata a daƙiƙa, abin da kowace rauta za ta ɗauka tana barci. Matsalar Wi-Fi yankewa ce, ba ƙarancin gudu ba. Idan manhaja ta ce ba ta ga saba ba, fara duba ko wayarka tana kan layin baƙi na rautar, ko kuma akwai rauta biyu a gidan kowace da nata rukunin adireshi.

Mataki na bakwai: gwaji kafin biya

Nemi a ba ka aro ka gwada a ɗakinka, da DAC ɗinka. Kashe duk abin da ke taɓa sauti a cikin sabar: rage ƙara na dijital, daidaita ƙarar waƙoƙi, ɗaga lambar fayil. Sa fayil na 44.1kHz, sannan na 96, sannan na 192, kana kallon fuskar DAC. Lambar ta riƙa canzawa tare da fayil. Idan ta kafe a wuri ɗaya, sabar tana sarrafa sautin a ɓoye. Mai fayilolin DSD ya gwada su ma. Ta S/PDIF ana lulluɓe DSD64 a cikin siginar 176.4kHz, dabarar da ake kira DoP, amma DSD128 ya fi ƙarfin wannan ƙofar, sai USB.

Wajen kwatanta saba biyu, ƙarar ta zama daidai, domin kunne yakan ɗauki wadda ta ɗan fi ƙarfi a matsayin wadda ta fi kyau. Sa wani ya riƙa canza maka ba tare da ka san wacce ke aiki ba. Idan ka kasa rarrabe su bayan zagaye goma, ɗauki wadda manhajarta ta fi kwanta maka. Bambancin saba da saba bai kai na lasifika da lasifika ba, ko na ɗaki mai labule da kafet da ɗakin da sauti ke dukan bango yana dawowa.

Kafin ka miƙa kuɗi, tambayi tsawon garanti, da wanda zai gyara idan ta tsaya, da ko za ka iya kwashe fayilolinka zuwa kwamfuta ba tare da wata manhaja ta musamman ba. Ranar da ka gama loda waƙoƙi, yi kwafi biyu: ɗaya a faifan USB da za ka cire ka ajiye, ɗaya a wani gini daban ko a ma'ajiyar intanet. NAS mai faifai biyu masu kwafin juna ba ya cikin wannan lissafi, domin abin da ka goge bisa kuskure a ɗaya, nan take yake gogewa a ɗayan.